Kafin Dattawan Dei-Dei Su Tafi Da Labarinta

Duk wanda ya biyo babbar hanyar da ta taso daga Kubwa ta nufi Zuba, in ya iso Dei-Dei hayaniyar ciniki ce za ta fara tarbarsa. Ga tireloli suna sauke rodi da kwanon rufi a kasuwar kayan gini, ga ƙarar injin tsaga katako, ga kwandunan tumatir da suka kwana a hanya daga Arewa, ga kara inda raguna ke cika maƙil duk lokacin da Babbar Salla ta gabato, ga kuma barikin 'yan sandan kwantar da tarzoma a gefe. Wuri ne da kowa ya zo da buƙatarsa, yana kuma sauri ya koma. Shi ya sa ba kasafai ake haɗa sunan Dei-Dei da kalmar tarihi ba. In an ce tarihi, zuciyar matashi Kano take tafiya, ko ganuwar Zariya, ko Hubbaren Shehu a Sakkwato, ko hasumiyar Gobarau ta Katsina. Nasihar da nake son yi muku, ya ku ƙannena da 'ya'yana mazauna wannan yanki, ita ce ku sake wannan tunani. Irin wurin da kuke zaune ya fi kowane wuri saurin rasa labarinsa, kuma babu mai tsare masa shi sai 'yan sa-kai daga cikinku, waɗanda za su haɗa kai su ɗauki aikin ba tare da jiran lada daga hannun kowa ba.

Dalilin kuwa a fili yake. Tsohon birni yana da masu riƙe masa jiya ko da babu wanda ya ƙudurta yin haka. Akwai fada da jerin sarakunanta, akwai makaɗa da maroƙa masu maimaita kirarin kakanni a kowace salla, akwai gidajen malamai da kundayensu a cikin gafaka, sunayen ƙofofi da unguwanni ma kansu labari ne. Yaron da ya tashi kusa da marinar Ƙofar Mata a Kano, ko bai tambaya ba, wata rana zai ji yadda kakanninsa suka yi rini a wurin. A Dei-Dei kuwa, akasarin masu cika ta da rana neman abinci ne ya kawo su. Dattijon da ya ga ranar da aka kafa turken farko a kara, in ƙarfinsa ya ƙare 'ya'yansa za su mayar da shi Illela ko Mai'aduwa ko Potiskum, can zai cika, can za a rufe shi. Ɗan kasuwar katakon da ya san yadda aka yi aka ba su filin, in ya tsufa Onitsha ko Nnewi zai koma. Kowa ya tafi da guntun da ya sani, ba a kuma sake haɗuwa. Sannan ga rusau. Waɗanda suka zauna Abuja tsakanin 2003 da 2007, zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake ministan birnin, sun ga yadda katafila ta share matsugunai sukutum, irin su Idu-Karmo da ke nan maƙwabta, mazaunansu suka watsu zuwa Suleja da Mararraba da sauran wurare. Dacewar rusau ko rashin dacewarsa magana ce ta wani zama daban. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, unguwa tana iya ɓacewa cikin yini guda a wannan ƙasa, da masallacinta da majami'arta da makarantar allonta, kuma in ba a rubuta ta ba, bayan shekara ashirin sai ka rantse ba a taɓa yin ta ba.

Kada kuma wani ya ce muku ƙasar nan jiya aka fara taka ta. Tsakanin Dei-Dei da Zuba tafiyar 'yan mintoci ce a mota, kuma a Zuban nan ne Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya sauka da jama'arsa bayan mayaƙan jihadi sun fitar da shi daga Zariya a farkon ƙarni na 19. Bai tarar da daji babu kowa ba. Ya tarar da Koro da Gbagyi da garuruwansu da gonakinsu da sarautunsu. Makau ya rasu a fagen daga a Lapai a 1825, ɗan'uwansa Abubakar Ja, wanda ake kira Abu Ja, ya gaje shi, ya kafa gari a 1828 aka sa wa garin sunansa, Abuja. Wannan suna ne aka ɗauka aka ba sabon babban birnin tarayya, wanda dokar gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ranar 3 ga Fabrairun 1976 ta yanka masa ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, gwamnati kuma ta tare daga Legas ranar 12 ga Disambar 1991.

To, ta yaya muka san labarin Makau da Abu Ja dalla-dalla har yau? Babban dalili shi ne wasu mutum biyu 'yan gidan sarautar Abuja, Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi, sun zauna sun rubuta shi da Hausa. Babu ɗayansu da sana'arsa ta kasance binciken tarihi: ɗaya mai riƙe da sarauta ne, ɗayan kuma malamin makaranta ne a Bida. Sun tattara abin da dattawa suka riƙe a ka, suka jera sarakuna da yaƙe-yaƙensu, suka bayyana sarautun fada da aikin kowace, daga Madawaki da Galadima da Wambai da Dallatu har zuwa sarautun mata irin su Iya da Sarauniya, suka rubuta bukukuwa da al'adu da labarin Dutsen Zuma. Wani Bature, Frank Heath, ya juya aikin zuwa Turanci aka buga a Ibadan a 1952. Da masanin nan M. G. Smith ya zo rubuta littafinsa kan mulkin Zazzau, wanda ya fito a 1960, bayanin Malam Hassan ne ya dogara da shi wajen gane yadda sarautar Zazzau take kafin jihadi, domin a Zariya kanta tsarin ya riga ya sauya, a Abuja ne aka riƙe na dā. Ku duba lissafin da kyau. Shekara 24 kacal bayan buga aikin nan aka yanke shawarar gina sabon babban birnin da ya ɗauke wa garin sunansa, duniyar da suka bayyana ta kama hanyar canjawa har abada. Lokacin da suke rubutu babu wanda ya hango zuwan babban birni. Sun rubuta ne kawai don sun ga dattawa suna ƙarewa, sai ya zamana sun ceto abin da, da sun yi jinkiri, babu kuɗin da zai dawo da shi.

Amma aikin nasu, duk da girmansa, daga zauren fada ya hango duniya, kuma wannan ba aibu ba ne ga wanda a fada ya tashi. Ƙauyukan da ke kewaye ba su shigo ciki da muryarsu ba. Maitama da Wuse da Garki da Jabi da Utako da Mabushi, waɗanda yau sunayen manyan unguwanni ne masu kwalta da fitilu, duk ƙauyuka ne na mutane masu kaburburan iyayensu da wuraren bautarsu da itatuwan da suke zama a ƙarƙashi. An kwashe wasu zuwa Sabon Wuse a Jihar Neja, an mayar da wasu Kubwa, sunan ya zauna a kan allon titi, labarin ya bi masu shi. Gbagyi, waɗanda Bahaushe ya saba kira Gwari (sunan da suke kiran kansu da shi ya kamata ku riƙa rubutawa, wannan ma yana cikin ladabin aikin), da Koro da Gade da Gwandara da Bassa suna da abin faɗa mai yawa game da shekara hamsin ɗin nan, kuma waɗanda suka ga 1976 da hankalinsu yanzu duk sun manyanta. Haka Jiwa da Gwagwa da Kagini da Saburi da ke zagaye da ku. Sunan Dei-Dei kansa tambaya ce da ta cancanci a zauna a bi diddiginta: wa ya raɗa shi, da wane harshe, me ke wurin kafin kasuwa?

Na san abin da wani zai ce, don magana ce da ake yawan ji a bakin mutanenmu na Abuja: “Ai nan ba gida ba ne, nema ya kawo mu, gida yana can.” Uban da ya zo da girmansa yana da hujjar faɗin haka. Kai da aka haife ka a nan, a nan ka yi makarantar allo da ta boko, in an kai ka garinku da salla kai ne baƙo, ina ne gidanka in ba nan ba? Ko da ma baƙuncin ne, Bahaushe bai taɓa ɗaukar zaman zango a matsayin dalilin ajiye alƙalami ba. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, fatauci da neman ilmi suka kai shi Salaga ta ƙasar Gonja, kasuwar goro. Da yaƙin basasa ya tarwatsa garin a 1892 ya koma Kete-Krachi, inda ya zama limami har ya rasu a 1934. A can baƙuncin ya rubuta labarin ƙasashen Hausa da sana'o'insu da zamantakewarsu, ya kuma rubuta abin da ya gani na zuwan Turawa, masana a Ghana da Nijeriya da Jamus suna cin gajiyar rubutunsa har yanzu. Salaga ta zamaninsa da Dei-Dei ta yau 'yan uwan juna ne: kasuwa ce ta tara mutane daga nesa, kowa na cewa gobe zai koma. Wanda ya rubuta a cikinsu shi ne ya sa muka san sun rayu.

Wani kuma zai ce wannan aikin hukuma ne, ga ma'aikatun al'adu, ga jami'o'i. Gaskiya ne akwai Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, akwai ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a Kadunan, akwai Gidan Makama a Kano, akwai hukumar tarihi mai sunan Waziri Junaidu a Sakkwato, kuma duk wanda ya shige su ya san darajarsu. Sai dai ma'adana abin da aka kawo mata take ajiyewa. Fayil ɗin ofis zai gaya maka ranar da aka raba fili da lambar takarda, ba zai gaya maka wa ya fara sayar da tuwo ga masu dako ba, ko yadda aka sasanta rigimar farko tsakanin dillalan shanu da mahauta. Ku tuna abin da ya faru a Timbuktu. Lokacin da 'yan bindiga suka mamaye arewacin Mali a 2012, iyalai masu ɗakunan karatu na gado da matasansu, da jagorancin Abdel Kader Haidara, su ne suka zuba rubuce-rubucen hannu a akwatunan ƙarfe suka sulale da su ta mota da ta jirgin ruwa zuwa Bamako, ɗaruruwan dubbai. Cibiyar Ahmed Baba ta gwamnati kuwa, a Janairun 2013 aka cinna wa wasu dubbai na abin da ya rage a cikinta wuta. Abin da ke hannun masu ƙaunarsa shi ya fi tsira.

Akwai wani ƙorafi da ya fi waɗannan nauyi, ba na kuma son in wuce shi da sauri. Mai hankali zai iya cewa: a wuri irin Abuja, inda maganar ɗan ƙasa da baƙo take da kaifi, tono tarihi tono fitina ne. Kowa zai fito da nasa don ya nuna shi ya riga zuwa, sai a tashi daga zaman tarihi a koma zaman gaba. Wannan tsoro yana da tushe, mun ga garuruwa a ƙasar nan da aka mayar da “mu muka fara zuwa” makami. Amma ku lura, tarihin da ke kunna wuta shi ne wanda ake faɗa a majalisar ɓangare ɗaya, babu mai tantance shi, babu mai cewa “wa ya gaya maka?” Ƙin rubutawa ba ya kashe irin wannan labari, fili yake ba shi. Dei-Dei ta ɗanɗana haka a watan Mayun 2022, lokacin da hatsarin ɗan acaɓa ya yi sanadin mutuwar wata mata, rikici ya ɓarke, aka rasa rayuka, aka ƙona rumfuna a kasuwar katako, har ministan birnin na lokacin, Malam Muhammad Musa Bello, ya ba da umarnin rufe kasuwar. Kafin ƙura ta lafa, kafofin sada zumunta sun riga sun raba labarin gida biyu, na Hausawa da na Ibo, kowanne da hotunansa da adadin gawarwakinsa. Yaran da suke firamare a ranar, nan da shekara goma wane labari za su gada? In babu rubutaccen bayani da mutanen ɓangarorin biyu suka zauna suka yarda da shi, wanda ya ambaci asarar kowa, ya kuma ambaci waɗanda suka tsaya tsakani suka kashe wutar, kowane yaro zai gaji fushin gidansu ne kawai. Shi ya sa ƙungiyar tarihi a Dei-Dei, in har za ta amfani kowa, tilas a ga Bagbagyi da Bahaushe da Ibo da Bafulatani da Bayarabe a teburinta, Musulmi da Kirista. In ruwayoyi biyu suka saɓa, a rubuta su duka biyun, kowace da sunan mai ita, a bar wa hujja ta rinjayar da ɗaya in ta samu.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare mu. Malaman hadisi sun koyar da duniya cewa labari ba ya tsayawa sai da isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya gani da idonsa ne ko ji ya yi, mutum ne mai riƙe magana ko mai ƙari. Ku ɗauki wannan ma'auni ku kai shi kara da kasuwar tumatir. Kowace hira a rubuta ranarta da wurinta da sunan mai magana da shekarunsa, a nemi izininsa kafin a ɗauki muryarsa, in ya ce wannan sirri ne a bar shi sirri, domin amana ce ya ba ku. A ɗauki hoton tsofaffin rasitai da katunan ƙungiyar 'yan kasuwa da takardun gayyatar buɗe masallaci da hotunan da ke rataye a bangon shaguna, a mayar wa mai abu abinsa. Kada ku tsaya ga sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi, ku nemi mai dako da mai shayi da ungozoma da direban da ya fara jigila a hanyar tun tana turɓaya. Mata musamman, waɗanda tarihinmu ya saba tsallakewa, kuma a nan 'yan mata da matan aure na cikinku ne kaɗai za su iya shiga inda namiji ba ya shiga. Baba ta Karo tsohuwa ce da ba ta riƙe sarauta ba, ba ta yi boko ba. Wata mai bincike, Mary Smith, ta zauna da ita a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa, Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma da wuya ka sami masanin rayuwar matan Hausa da bai bi ta kansa ba. Da an jinkirta zaman da shekara biyu, da an rasa shi. Wayar da ke hannunku ta fi duk kayan aikin da Mary Smith ta mallaka, amma kada ta ruɗe ku: abin da ke cikin waya ɗaya yana tafiya ranar da aka sace ta ko ta faɗa ruwa, abin da aka watsa a WhatsApp kuma kwana uku ya nutse. A kwafe hirar a takarda, a ajiye ta wuri uku, ɗaya daga ciki a wajen Dei-Dei, inda gobarar kasuwa ba za ta kai ba.

Saura maganar ciki, wadda ba zan raina ba. Matashin da ya gama karatu babu aiki, ko yake tsaye a rumfar ubangidansa daga safe har magariba, yana da haƙƙin tambayar me zai samu. Kuɗi dai babu, kuma duk wanda ya yi muku alkawarin kuɗi a wannan aiki ku yi hattara da shi. Abin da ake buƙata shi ne yamma ɗaya a mako, irin lokacin da majalisa da kallon ƙwallo ke cinyewa ba a ji ba. Kakanninmu da aikin gayya suka yi noma, suka yaɓe ganuwa, suka share maƙabarta, ba su kuma ɗauke shi asara ba. Wanda ya shekara biyu yana zama gaban dattawa yana tambaya, yana tantance magana, yana rubuta ta a tsare, zai fito da iya sauraro da iya rubutu da sanin mutane, kuma zai san kasuwar da yake ci a cikinta fiye da tsararrakinsa. Ga waɗanda za su jagoranta kuwa, jarrabawarsu ta fi ta kowa. Ƙungiyoyi da yawa a ƙasar nan sun mutu ne ranar da muƙamai suka fi ayyuka yawa, ko ranar da wani mai neman kujera ya ba da gudummawa, aka wayi gari kakansa ya zama wanda ya sari gari. Shugaban ƙungiyar tarihi da ya sayar da layi ɗaya ya zubar da mutuncin sauran littafin. A rubuta kowace naira da ta shigo, a karanta a gaban kowa, a sa wa shugabanci wa'adi, a kuma auna shugaba da yawan hirarrakin da aka kammala a zamaninsa.

In akwai masu irin wannan ƙoƙari a unguwarku, ku je ku same su, ku ba su hannu. In babu, mutum biyar sun isa farawa, Malam Hassan da Malam Shu'aibu su biyu ne. Kowannenku ya san wani dattijo ko wata dattijuwa da ake cewa tun kafin a yi kwalta suke nan. Ku yi masa sallama a makon nan, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku nemi ya ba ku lokaci bayan la'asar, ku tafi da littafi da biro. Ku fara da tambayarsa shekarar da ya zo, da abin da ya tarar a wurin.